Abin da Muke Bari a Fadama: Daga Haɗejiya Zuwa Dagona

Mun bar Kano da sassafe a tsakiyar watan Janairu, sanyi na kan ganiyarsa, muka bi ta Ringim da Gujungu, kafin azahar mun sauka Haɗejiya. Duk mai son ganin fadamar Haɗejiya da Nguru cike da tsuntsaye, wannan ne lokacinsa. Ruwan da ya malale a Agusta da Satumba ya ja da baya ya bar tafkuna da ƙoramu. Agwagin ruwan da suka taso daga Turai da arewacin Asiya tun wajen Oktoba suna nan, ba za su juya ba sai Maris. Lokacin ne kuma kowa ke gangarowa fadama: manomin rani da injin ban ruwansa, Bafulatani da garkensa, masunci da kwalekwalensa, maharbi da bindigarsa, sai irinmu 'yan birni masu zuwa kallo da kwalin lemo a bayan mota.

Sai an san yadda ruwan wurin nan yake tafiya kafin a gane dalilin da ya sa shara a nan ta fi ta cikin gari illa. Kogin Haɗejiya da na Jama'are ne ke shigowa wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, su rarrabu tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, su sake haɗuwa ta wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar ta Diffa ya zuba a Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar ta sauya kama, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Duk da haka, ƙasar da ka shimfiɗa tabarma a kanta a Janairu, a Satumba tana ƙarƙashin ruwa. Abin da ka yar a busasshiyar ƙasa damina za ta ɗauke shi ta kai inda ba ka taɓa takawa ba, ko ta binne shi cikin taɓon da agwagi ke tona. A gari akwai mai shara, akwai bola, akwai 'yan jari-bola. A nan babu mai zuwa bayanka sai saniya da ruwa.

Kwanan farko ta wajen Baturiya muka yi shi, a ƙaramar hukumar Kirikasamma. A 2008 aka sa dausayin cikin jerin wurare masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya, yana kuma cikin sabbin gandun daji na ƙasa guda goma da gwamnatin tarayya ta amince da su a 2020. Tun daga hanya ake fara ganin baƙar leda maƙale a ƙayar bagaruwa, iska na kaɗa ta. Amma inda ta fi taruwa shi ne gindin manyan itatuwa masu inuwa, domin nan baƙi ke zama su ci abinci. A gindin wata tsamiya na tarar da ledojin fiya-wata birjik, kowace da ɗan ɓulin haƙori a kusurwa, ga gwangwanin kifi da murfinsa a buɗe kamar aska, ga fasasshiyar kwalba, duk a kan sawun kofaton shanu na safiyar ranar.

Lissafin ba shi da wuya. Jakar fiya-wata ɗaya leda 20 ce, kowace rabin lita. Mutum goma a wunin fadama za su shanye jaka biyu ba tare da sun ankara ba, balle in da alwala. Leda 40 ke nan, da uwayen jaka biyu. Jarka ɗaya mai lita 20 da kofi biyu sun maye gurbinsu duka, kuma jarkar gida take komawa.

Ledar abinci ta fi ta ruwa haɗari. Wadda aka zuba ƙosai ko awara ko shinkafa da wake tana ɗauke da gishiri da maiƙo, dabba kuwa da rani neman gishiri take ido rufe. Saniya ba ta tantance abin da ta naɗo da harshe, ba ta kuma tauna shi sosai kafin ta haɗiye, sai daga baya ta dawo da shi ta yi tuƙa. Leda ba ta dawowa, ba ta narkewa, ba ta wucewa. A tumbi take zama, ta yi ta murɗewa da igiya da tsumma da zaren buhu har ta zama dunƙule. Dabbar sai ta riƙa ramewa alhali cikinta a kumbure, ta rage ci, ta rage tuƙa, kashinta ya yi kaɗan, in ka danna ɓangaren hagu na cikinta ka ji tauri. Babu jiƙo ko allurar da ke narkar da leda. Sai dai likitan dabbobi ya tsaga ta gefen hagu ya ciro, mafi yawan makiyaya kuwa kafin a kai ga haka sun sayar wa mahauci a kan asara. Wani mahauci a Haɗejiya ya nuna mini wadda ya ciro daga tumbin tunkiya da safen nan, baƙa ƙirin, a murɗe kamar gammo, ya buga ta da ƙasa ba ta warware ba. Ƙusa da guntun waya su ma haka ake haɗiye su, su kuma hudawa suke yi, wani lokaci har su kai ga zuciya. Tsohon batirin mota ko na babur da aka yar a daji, shanu na lasarsa, dalmar da ke ciki ta kashe su.

Washegari muka wuce Nguru, ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wurin farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, a shekarar 2000. Daga can wani dattijon maharbi, ɗan yankin, ya kai mu wani tafki da ke nesa da iyakar gandun gwamnati, inda masu harbin agwagi ke laɓewa da asuba. Kafin na shiga bayanin, a san cewa harbi a cikin gandun daji na ƙasa haramun ne a dokar hukumar gandun daji ta 1999, bindiga sai da lasisi a dokar makamai ta 1959, kuma tun 1963 Arewa take da dokar namun daji mai jerin dabbobi da tsuntsayen da ba a taɓawa. Mai harbin gauraka, wadda ta riga ta yi ƙaranci a fadamar nan, ba shi cikin waɗanda nake magana da su. Maganata da maharbin da ke kan ƙa'ida ce, wanda ke son ya dawo baɗi ya tarar da tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya.

Ba sai an nuna maka maɓoyar maharbi ba, kwanson harsashi ne ke nunawa. A bayan wani kurmin kaba sun zube ja-ja-wur, waɗansu sabbi, waɗansu rana ta kodar da su, gindinsu ya yi tsatsa. Dattijon ya tsuguna ya fara tsincewa yana zubawa a aljihun taguwa. Na ce, "Baba, naka ne?" Ya ce, "A'a, Malam. Amma in jikana ya tsinta, baki zai kai ya yi usur da shi."

Harsashin bindigar farauta mai lamba 12, wadda ta fi yawa a hannun mutane, abu shida ne a haɗe: kwanson roba, gindin ƙarfe mai ruwan tagulla, ɗan maɓallin tsakiya da allurar bindiga ke duka, albarushi, matoshin roba mai siffar ɗan kofi da ke raba albarushi da ƙwayoyi, sai ƙwayoyin dalma. In an ja kunama, albarushi kaɗai ke ƙonewa. Sauran wuri uku suke faɗawa. Kwanso a gindin ƙafarka yake, ko taku biyu uku a damanka in bindigar mai tofar da shi ce, don haka babu uzurin barinsa. Mai bindigar da ake karyawa ya saba tare bakin ɗakin harsashi da tafin hannu yayin buɗewa, ya zare kwanson ya jefa a jaka. Matoshin roba kuwa gaba yake tashi tare da ƙwayoyi ya faɗi kamar taku 20 zuwa 40 daga inda ka tsaya, galibi a kan ruwa. Fari ne, ya buɗe kamar fure, iska kan tura shi gaɓar da take kaɗawa. In an tashi daga harbi a zaga ta wannan gaɓar, nan za a same su a jere cikin ciyawa. Akwai harsashi mai matoshin da aka yi da abin da ke ruɓewa, wanda ya same shi ya huta da wannan zagayen.

Na ukun, wato ƙwayoyin dalma, shi ne wanda ba ya tsintuwa, shi ne kuma ya fi damuna. Kowane harsashi yana ɗauke da dalma tsakanin giram 28 zuwa 36, ƙwayoyi daga 'yan gomiya in manya ne zuwa sama da 200 in ƙanana ne. Kwali ɗaya harsashi 25 ne. In ka ɗauki giram 32, kwalin dalma ce giram 800. 'Yan ƙalilan ne ke samun tsuntsu, sauran a ruwa suke sauka su nutse cikin taɓo. Mutum goma, kowa da kwali ɗaya a rani guda, sun zuba wa tafki ɗaya kilo 8, kuma dalma ba ta ruɓewa, ta bana kan ta bara take hawa.

Agwagwa ba ta da haƙori. Tsakuwa take haɗiya ta ajiye a ƙundu don niƙa hatsi da 'ya'yan ciyawa, ƙwayar dalma kuwa girmanta ɗaya da tsakuwar da take nema. In ta shiga ƙundu sai a yi ta niƙa ta da sauran tsakuwa, ruwan ciki mai tsami ya narkar da ita, ta bi jini. Cikin mako biyu zuwa uku tsuntsun ya rame har ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar wuƙa, fukafukai su saki, kashinsa ya koma kore shar. Ƙwaya ɗaya tak tana iya isa. Ba a fili yake mutuwa ba, cikin kachala yake shiga ya laɓe, shi ya sa maharbi zai rantse maka bai taɓa ganin agwagwar da dalma ta kashe ba, kuma gaskiya ya faɗa. Shaho ko mikiyar da ta ci gawar ita ma ta ɗauki rabonta.

Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 ƙurar dutsen zinare mai dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Hanyar shigarta daban ce, yawanta ma ba ɗaya ba ne da na naman farauta, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinsa a jini da za a kira lafiyayye. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Saboda haka in an fige tsuntsun da aka harba, a bi kowace huda a ciro ƙwayar, a yanke naman da ke kewaye da ita wanda ya yi jini ko ya dagargaje, a zubar. Dalma kan farfashe ta bar ɓurɓushin da ido ba ya gani. Miya mai tsami, ta tumatir ko tsamiya ko yakuwa, tana ƙara narkar da shi cikin romo. Ƙananan yara da masu juna biyu gara a ba su wani naman.

Waɗansu ƙasashen sun daɗe da yanke hukunci. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin ƙasar tun 1991, Denmak ta hana ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai kuma daga 15 ga Fabrairun 2023 ta hana harba su a cikin dausayi da tazarar mita 100 daga gare shi. Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda ta nemi a daina amfani da dalma a dausayi. Agwagwar da aka kare daga dalma a can, ita ce ke zuwa ta haɗiye ta a nan. Kwansunan da muka tsinta duk na dalma ne. Wanda ya samu harsashi mai ƙwayoyin baƙin ƙarfe ya san abu uku: ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ana ɗaukar ƙwayar da ta fi ta dalma girma da lamba biyu, ya fi saurin zillewa ya dawo in ya daki abu mai tauri, kuma tsohuwar bindiga mai matsattsen baki tana iya kumbura da shi, sai an kai wa masani ya duba. Wanda bai samu ba, yana da abin yi. Kada ya harba ta saman ruwa maras zurfi da taɓon da agwagi ke kiwo, ya juya baya ga tafki ya jira su a hanyar shigowarsu ta kan tudu. Kada ya harba abin da ya wuce mita 30 zuwa 35, domin bayan nan raunatawa ake yi ba kashewa ba. Ya bar ɗabi'ar nan ta sakin wuta cikin garken da ke zaune a kan ruwa, a ɗauki uku a bar goma da ƙwaya a jiki.

Harbi ƙasa-ƙasa a kan ruwa yana da wani haɗarin. Ƙwaya kan daki fuskar ruwa ta tashi kamar dutsen da yara ke jifa, kuma tana iya tafiyar sama da mita 200. Kachala ta fi mutum tsawo. A bayanta akwai masunci yana duba ƙugiyoyinsa, akwai yaron Fulani da ya shigo da maruƙa, akwai mata masu tsinkar bado. Abin da ba ka ga bayansa ba, ba ka harbinsa. In za a shiga kwalekwale ko a tsallaka lambatu, a karya bindiga a zare harsashi. In bakinta ya taɓa taɓo, a tsaya a leƙa cikin bututun, domin ɗan taɓon da ya toshe shi ya isa ya fasa bindiga a fuskar mai ita. In kuma an ja kunama harsashi bai tashi ba, a bar bakin bindiga inda yake kallo a ƙirga 30 kafin a buɗe. Wannan harsashin ba a jefar da shi a ciyawa. Gobara na zuwa, yara na zuwa. A sa shi a aljihu daban a koma da shi.

Masu bindigar toka ba sa barin kwanso, amma su ma da tasu. Tsumma ko busasshiyar ciyawar da ake dannawa a kan albarushi kan fito tana cin wuta a hankali, ta faɗa cikin busasshen ganye 'yan taku a gaba, maharbi ya bi abin da ya harba, iskar hunturu ta ƙarasa aikin. Bayan kowane harbi a je a nemi tsumman a murje shi da takalmi. Gobarar da ta tashi ta haka tsautsayi ce. Wanda ba tsautsayi ba shi ne cinna wa daji wuta da gangan don a koro gafiya ko zomo. A kan hanyar Gashuwa mun wuce wani fili da ya ƙone ƙurmus, kaba ta yi baƙi, ƙananan goruba sun tafi, wutar ta lashi tarin kara da harawa a gefen gona. Abincin dabba na wata uku ke nan, a lokacin da ba a da wani, kuma irin wannan ne ke tura garke cikin gonar rani a wayi gari ana rigima. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli tana da ƙa'idar hana ƙona daji tun 2011, amma tun kafin ita Sarkin Baka da Sarkin Dawa sun san hukuncin wanda ya saki wuta.

Wutar dafa shayi ko gasa kifi ma tana da ƙa'ida. A share ciyawa taku biyu ta kowane ɓangare har ƙasa ta fito, a haƙa ɗan rami, a hura ƙarama. In za a tashi a zuba ruwa, a juya tokar da sanda, a sake zubawa, sannan a kai bayan hannu kusa a ji. Rufewa da rairayi kawai ba ya kashe garwashi, ajiye shi yake yi. A kula da busasshen kashin shanu da ke kusa, yakan riƙe wuta awanni ba hayaƙi ba harshe. Ba a jefa leda a wutar da ake gashi a kai, ba a jefa batirin tocila ko gwangwanin maganin sauro, fashewa suke yi.

Ba maharba kaɗai ba ne. A gaɓar tafkin Nguru na ga tsohuwar koma ta zaren roba, irin mai kama da gashi, a yashe rabi a ruwa, da busasshen zalɓe a sarƙe cikinta. Irin wannan komar ba ta daina kamu don mai ita ya daina so. A naɗe ta a fito da ita tudu, a cire dalma da abin da ke sa ta yawo a saman ruwa, a kai ta gari. A gonakin barkono da albasa kuma kwalaben maganin feshi ne a bakin lambatu. Yadda ake yi da su: in magani ya ƙare a zuba ruwa rubu'in kwalbar, a rufe, a girgiza na rabin minti, a juye cikin tankin feshi, a maimaita sau uku, sannan a huda kwalbar don kada wani ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa a ciki. Ba a wanke ta a kogi, ba a wanke tankin feshi a mashaya.

Akwai maganar da baƙi ba sa son a yi, ta kewayawa. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi gargaɗi a kan abubuwa biyu masu jawo la'ana, yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwarsu, ruwayar Abu Dawud kuma ta ƙara da wurin ɗiban ruwa. A aikace, a yi nisan taku 70 daga ruwa da hanya, a haƙa rami zurfin kamu ɗaya, a rufe bayan an gama. Fitsari ma kada a yi shi cikin tafki. Ta nan ƙwayayen tsargiya ke shiga ruwa, su girma a jikin ƙananan dodon koɗi, su fito su huda fatar yaran da ke wanka. Kayan cikin abin da aka farauta da gashinsa su ma binnewa ake yi, nesa da ruwa. Tsuntsun da aka tsinta a mace ba a san dalili ba, ba a ɗauka, ba a bai wa kare. Tun Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan, tana kuma dawowa.

Ladabin shiga gonar mutane gajere ne. A fara da gaisuwa wurin bulama ko mai unguwa a faɗi abin da ya kawo ka. A bi kan kunya, kada a ratsa fangali, kada mota ta hau tiyon ban ruwa. Shingen da ka buɗe ka mayar da shi yadda ka same shi. Kare a ɗaure shi in an doshi garke, kada kuma a kafa zango a kan burtali ko bakin mashaya. Mai kafa tarkon waya ya ƙirga nawa ya kafa ya kwashe adadinsu, don wanda aka manta ƙafar akuya yake kamawa.

Rana ta ƙarshe muka ratse daga titin Nguru zuwa Gashuwa muka shiga Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke cikin gandun daji na ƙasa na yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989. A nan ba a harbi, sai da izini da rakiyar ma'aikacin gandu ake shiga, kuma bambancin a bayyane yake: tsuntsaye na barin mutum ya matso. Da la'asar kirinjijiya suka riƙa sauka garke-garke suna feɗuwa, ƙananan agwagin Turai na can gefen da ruwa bai kai gwiwa ba, kai a cikin taɓo, wutsiya a sama. Ko a nan mun tsinci robar lemo biyu da takalmin roba ƙafa ɗaya a layin da ambaliyar bara ta tsaya, wataƙila daga wani gari can sama.

Buhu biyu na shinkafa muka zo da su babu komai, ɗaya na abin da ke yanka ko tsatsa, ɗaya na leda da roba, da tsohon gwangwanin madara mai murfi don batura. A Gashuwa muka zazzage su. Gwangwanaye da robobin lemo 'yan jari-bola suka karɓa nan take. Kwansunan harsashi sai da muka yanke gindin ƙarfen da wuƙa, bayan mun duba kowanne mun tabbatar maɓallinsa a dake yake kuma babu komai a ciki, sannan suka ɗora a sikeli. Fasassun kwalabe muka naɗe a kwali. Ledar kuwa babu mai saye, ita muka ɗaure bakin buhunta da igiya muka kai bolar gari, gwangwanin batura kuma ya biyo mu Kano.